Jirgin Yaƙi a Cinyata

Muna sallame sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce muka kama hanya, ni da autata, daga gidanta da ke garin Clinton a Amurka. Sanyi ya fara shigowa, har ta tilasta mini ɗora wata rigar mijinta mai kauri a kan kaftanina, na fito kamar buhun da aka cika da auduga. Ta zuba kunun gyaɗa a fulas, ta ƙunshe ƙosai a takarda, ta ɗaure ni da bel a kujerar gaba, muka ce bismillah.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon mai walda ne a Panteka ta Kaduna, karatuna bai wuce aji bakwai na firamare ba, sai ku yi haƙuri da rubutun. Wata biyu ke nan ina Amurka, 'ya'yana sun kawo ni an cire mini yanar ido. Autar ma'aikaciyar jinya ce. Yayanta, ɗana na fari, injiniya ne a wani gari da ake kira Germantown, kuma wurinsa muka nufa. Yana da wata sana'ar hutu, haɗa ƙananan jiragen sama na roba da katako. Ranar nan masu irin wannan aiki suna da taro a College Park, kowa zai baje nasa. Motarsa ƙarama ce, akwatunansa manya, shi ya sa ya roƙi ƙanwarsa ta zo da tata. Ni ba a gayyace ni ba. Ni na ce zan bi.

Gara in faɗi dalili tun yanzu. Tun zuwana, duk Lahadi yake zuwa gaishe ni. Zai durƙusa, ya tambayi ido, ya ajiye lemo da ayaba, rabin awa ya tashi. Ba ya rashin ladabi, ba ya kuma hira. Na san mafarin abin. Yana aji biyar na sakandare ya zauna a bayan shagona wata uku yana haɗa injin ɓare gyaɗa da guntayen ƙarfen da na zubar. Ranar gwaji na kira maƙwabta da wani mai saye daga Saminaka. Injin ya ɓare gyaɗar, amma ya farfasa ƙwayar ta koma kamar za a yi ƙuli. Mutane suka yi dariya. Kunya ta kama ni, na kunna wuta a gabansa na yanka injin gida huɗu, na ba 'yan gwangwan, na ce masa abin da bai yi aiki ba ƙarfe ne kawai. Bai yi kuka ba, bai kuma sake taɓa komai a shagon ba. Bayan 'yan shekaru wani maƙwabcina ya haɗa irinsa sak, ya buɗa rata tsakanin ragar da abin bugun kaɗan, ya sayar har ya gaji. Shekara ashirin da bakwai ina ɗauke da wannan magana, ga shi saura kwana goma in koma gida.

Akwai kuma wani abu. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi, don haka tun da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa kama shi ba. In ina nemansa sai in ce "kai", in ina zancensa in ce "yayanku". Al'adarmu ce, ban ce laifi ba ce. Sai dai ni na san na fake a bayanta na hana yaron abubuwa da yawa waɗanda kunya ba ta hana ba.

Hanyar dai sai wanda ya gani. Daga Clinton muka hau babban titin da ya kewaye Washington kamar zobe, layi huɗu na tafiya, huɗu na dawowa, ba mai tsayawa ɗaukar fasinja, ba mai talla, ba wanda ya danna hon ko sau ɗaya. Da gari ya waye na ga itatuwan gefen titi sun yi ja, wasu ruwan ɗorawa, na ce wa autar wace cuta ce ta kama dajin nan. Ta yi dariya har motar ta ɗan karkace, ta ce haka suke yi duk shekara kafin su zubar da ganye, har mutane kan biya kuɗi su je kallo. Can sai ga allo an rubuta College Park, muka wuce shi da gudu.

"Auta, ba nan ne garin taron ba?"

"Nan ne, Baba. Sai mun ɗauko Yaya mu dawo."

Wato mun wuce inda za mu don mu dawo masa daga baya. Mun tsaya shan mai a hanya, ita ta fita ta zuba da hannunta, babu yaron gidan mai ko ɗaya. Ta ce ko ta sayo mini kofi. Na tambayi kuɗin, ta ce wajen dala uku, na juya shi zuwa naira a kaina, na ce ta miƙo fulas ɗin kunu.

Daga zoben muka karkata zuwa titin da suke kira 270, wanda ya miƙe arewa har Germantown. Garin duk benaye ne na haya masu kama ɗaya da ofisoshi na gilashi. An ce injiniyoyi ne cike a ciki, amma ban ji ƙarar guduma ko ɗaya ba. Ni ban san yadda ake aikin ƙarfe shiru ba.

Wannan ne karon farko da na shiga ɗakin da ɗan nawa yake aikinsa. Kanta ce daga ƙasa har sama, jirage sun kai talatin, kowane bai wuce tsawon hannu ba. Na tambaye shi ko duka na yaƙi ne. Ya ce na yaƙin duniya na biyu ne, amma babu ɗaya a cikinsu da ya je yaƙin.

"Duk samfur ne, Baba. An ƙera ɗaya ko biyu, aka gwada, aka ce a bari."

Samfur kalmarmu ce a Panteka, na farkon da kake haɗawa ka gani ko zai yi kafin ka sayi ƙarfen guda goma. Na dubi kantar nan, na dubi mai ita. Mutum ya tara jiragen da aka ƙi har talatin, ba sai an yi mini fassara ba.

Wanda zai kai taron shi ne babbansu, shuɗi mai duhu, faɗin fukafukansa ya kai kamu ɗaya da rabi. Ya ce sojan ruwan Amurka ne suka sa a ƙera na gasken, don ya tashi daga doron jirgin ruwa ya kai wa jiragen ruwan abokan gaba abin da ake kira topido. Topido bam ne dogo, kamar tukunyar iskar da muke walda da ita, da 'yar farfela a wutsiya. Jirgin zai sauko dab da ruwa ya sake shi, shi kuma ya yi ta gudu a cikin ruwa har ya huda cikin jirgin da aka nufa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina farfelar gaba ce. Biyu ne a jere a kan sanda ɗaya, kowace da kunne huɗu, ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu. Ya ce wata bakwai ya yi yana haɗa shi, har da ƙananan giyoyi masu haƙora a ciki don su juya kamar na gaske.

Akwati biyu ne. Ɗaya na doron jirgin ruwan da za a ɗora shi a kai, wanda ya riƙe a kujerar gaba. Ɗayan na jirgin ne, kuma ba a ajiye shi a ƙasan mota saboda girgiza. Ya tsaya yana duban kujerar baya, yana dubana.

"Kawo," na ce. "Cinyar tana nan ba ta aikin komai."

Ya ɗora mini. "Don Allah, Baba, kada ku juya farfelar. Gam ɗin bai gama kamawa ba."

Duk wanda ya san mai aikin hannu ya san abin da ya biyo baya. Mun yi minti goma a kan 270 ina kallon gefen titi kamar mutumin kirki. Sai na ɗaga murfin kaɗan, don in ga ko yana zaune daidai. Sai na sa ɗan yatsa na taɓa kunne ɗaya. Ta gaban ta tafi dama, ta bayan ta tafi hagu, sumul, ba ko ƙara. Wallahi daɗin da na ji ya fi na ranar da aka buɗe mini ido. Ina cikin zagaye na uku wata barewa ta faɗo titi daga cikin jajayen itatuwan nan, autar ta taka birki, yatsana ya tafi gaba. Na ji ƙas.

Barewar ta tsallake lafiya. Su biyun suna ta salati suna dariya, ni kuwa ga kunnen farfela ɗaya a tafin hannuna, bai kai tsawon ashana ba. Ya waigo ya ce, "Baba, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau. Na rufe akwatin, na cusa kunnen a naɗin hulata. Tsoho mai jikoki tara, da abin ɓoyo a hula.

Sauran tafiyar ban ga komai ba. An ce mun wuce wata jami'a mai jan bulo, an ce ɗalibanmu na Afirka suna da yawa a cikinta, ni dai lissafi nake yi. In na yi shiru, zai buɗe ya ce birkin ne ya karya, ƙanwarsa ta sha faɗa, ni in fita fes. In na faɗa, na zama mutumin da ya ɓata masa aiki sau biyu. Har muka shiga wajen fakin, kusa da wani ƙaramin filin jirgi inda zauren taron yake, ban yanke ba. Sai da ya buɗe ƙofar baya ya miƙo hannu biyu zai karɓa, na ga hannayen irin nawa ne, har da gajeren babban yatsa, sannan na cire hular.

"Ka ce kada in juya, na juya. Ba birki ba ne, ni ne."

Ya dubi kunnen, ya dubi akwatin. Kallon da ya yi irin na bayan shagon nan ne, na gane shi. Autar ce ta sa baki.

"Yaya, kai ma fa haka ka kwance rediyon Umma don ka ga mai maganar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Ke kuma da kin bar barewar nan ta huta," in ji shi. Amma bakinsa ya ɗan motsa.

Ya fito da gam, ya ce zai manna, in ya so kada kowa ya taɓa. Na ce gam kaɗai ba ya riƙe abin da ke juyawa, sai an sa masa ƙashi a ciki. Na roƙi autar fil ɗaya daga mayafinta. Wani Bature mai gemu da ke shan taba a jikin motarsa ya ara mana abin kunna wuta. Na datse fil ɗin da 'yar filayar da ke cikin kayan aikin ɗana, na gasa bakin ya yi ja, na nutsa rabi a gindin farfelar, rabi a kunnen. Shi ya riƙe jirgin, ni na riƙe wuta, kawunanmu har suna gogar juna. Sabon idona ya biya kuɗinsa a ranar. A shekara arba'in na aikin walda ban taɓa yin ƙarama kamar wannan ba, ban kuma taɓa jin tsoron wata kamarta ba. Da ya huce ya sa yatsa ya juya. Dama, hagu.

"Ta zauna," ya ce.

Zauren cike yake da tebura, kuma yawancin masu jiragen tsofaffi ne irina, masu furfura da tabarau biyu a wuya. Na zaci yara zan tarar. Akwai mai jirage ɗari a tebur ɗaya, akwai wata tsohuwa da ta haɗa jirgin ruwa da 'yan mutane a kai ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Shiga kyauta ne, ga wani zagayayyen fanke mai huda a tsakiya an ajiye kowa ya ɗauka. Na ci biyu, sukarin ya yi yawa, na ƙara ɗaya don in tabbatar. Mun haɗu da wani mutumin Pankshin, likitan haƙori, da ya ji muna Hausa ya taho da sauri muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna.

Wajen sha ɗaya autar ta fita amsa waya, yayanta kuma ya tafi can ƙarshen zauren duba kayan wani. Aka bar ni gadin tebur. Sai ga wani tsohon Bature a keken guragu, ya fi ni shekaru nesa, ya tsaya a gaban jirgin ya daɗe. Turancina na shago ne, amma ya yi magana a hankali, na kama mafi yawa. Ya ce mahaifinsa ma'aikaci ne a masana'antar da aka ƙera na gasken, mai haɗa fallayen jiki. Biyu kawai aka yi. Girmansa ya fi ƙarfin doron yawancin jiragen ruwan da ake da su a lokacin, kuma kafin a gama gwada shi yaƙin ya zo ƙarshe, ba sauran jiragen da za a kai wa topido. Na tambaye shi ina suke yanzu. Ya yi alamar yanka da hannu. An sayar wa 'yan gwangwan ɗinsu.

Na ce ashe aikin banza aka yi. Ya girgiza kai da ƙarfi. Ya ce mutanen da suka zana shi ba a kore su ba, an bar su sun zana wani ƙarami, mai mutum ɗaya, wanda ya yi shekaru yana aiki. Ya ce mahaifinsa har ya mutu hoton wannan ne a ɗakinsa, ba na wanda ya yi suna ba. Sannan ya tambaye ni ko ni na haɗa. Na ce ɗana ne. Ya ce yana so ya gaishe shi, amma mai tura shi na jira, motarsu za ta tashi.

Na hango ɗan nawa can, ya ba ni baya, tsakaninmu tebur ya fi goma, ga hayaniya. Na ce "kai". Ba wanda ya waiga. Na ƙara ɗaga murya na ce "kai", wani Bature ya dube ni ya yi murmushi. Matar da ke tura keken ta fara juya shi. Ba zan iya barin teburin ba, ba autar, ba kowa. Sai na buɗe baki na kira sunan. Sunan mahaifina, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna.

Ya waiga nan take, amma ba ni ya duba ba. Ya duba dama, ya duba hagu, yana neman wani abokin aiki ko ɗan makarantarsu, don bai san sunansa da muryata ba. Sai da na ɗaga hannu. Ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya taho yana ratsa mutane. Na ce wa tsohon, da Turancina na shago, ga wanda ya yi, ɗana ne na fari, injiniya ne tun yana yaro. Suka yi musabaha, suka shiga zancen injin mai silinda ashirin da takwas, motar da aka ce za ta tashi ta yi ta jira.

Ashe akwai gasa, amma ɗan nawa bai ci kyautar komai ba, wani mai jirgin ruwa ne ya ɗauka. Mun yi azahar a kan ciyawa bayan zauren, ƙananan jirage na tashi a gefenmu. Daga nan ya ce sai mun ci ƙaguwa, wai ita ce abincin jihar. Aka shimfiɗa mana takarda a tebur, aka juye su jajaye da yaji, aka ba kowa 'yar gudumar katako. Na ce yau ga ƙasar da ake ba mutum kayan aiki kafin a ba shi abinci. Wahalar ta fi naman yawa, amma naman akwai daɗi, kuma a wajen guduma ba wanda ya kamo ni.

Ina cikin fasa ta uku na faɗi maganar, idona a kan ƙaguwar. Na ce injin gyaɗar nan ba shi da laifin komai sai rata, ni na sani, na kuma sani tun da daɗewa. Na ce kunyar mutane ce ta sa na yanka, kuma ban kyauta ba, ya yafe mini. Autar ta ajiye gudumarta.

Ya goge hannu da takarda. "Rata ce," ya ce. "Na gane tun a daren. Da ka bar shi ya kwana, da safe zan gyara." Daga nan har muka rabu bai sake ce mini "ku" ba. "Ya wuce, Baba. Na yafe tuntuni, faɗa maka ne ban san yadda zan yi ba."

Na tambaye shi ko yana tuna yadda ya haɗa shi. Ya yi dariya, ya ce zanen na nan a littafinsa na lissafi na aji biyar, yana cikin akwati a Germantown, ya bi shi ƙasa uku. Na ce ya ba ni in tafi da shi.

"Baba, kasuwa ta cika da irinsa. Wa zai saya?"

"Wa ya ce na sayarwa ne? Samfur ne."

Mun mayar da shi gida da la'asar, jirgin a cinyata kuma, wannan karon shi da kansa ya ɗaga murfin ya ce in juya in more. Ya hau sama ya sauko da littafin, bangonsa ya yi laushi, sunansa a rubuce da jan biro. Muka biyo 270, muka hau zoben, tirafik ya riƙe mu wajen awa guda, autar tana ta mita, ni ina baya ina duba zanen da sabon idona. Mun shiga Clinton ana kiran magariba a wayarta.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Waɗancan mutanen sun yanka jirginsu kamar yadda na yanka injin, amma sun bar masu zanen sun sake zama a tebur washegari. Ni da na yanka ƙarfen, har da yaron na haɗa. Ku da kuke da yara a shago, in samfur ya ƙi, ku bar shi ya kwana. Littafin yana cikin jakata tare da fasfo. Na riga na aika wa maƙwabcina a Panteka ya nemo mini raga da ƙarfen kwana, kuma da ya tambaye ni aikin wa za a yi, na faɗa masa sunan.